Gidan Boswell da gidan Dundas: wanne ya fi riƙe gado?

Malam, ka ce ka ci karo da labarin James Boswell, lauyan nan na Sukotland da ya rubuta tarihin rayuwar shahararren marubucin Ingila Samuel Johnson, ka ga ubansa babban alƙali ne mai ƙasa da gida na alfarma. Sai kake tambaya me ya sa 'ya'yansa da jikokinsa suka kasa riƙe abin da suka gada, alhali wasu gidajen lauyoyi na zamaninsa har yau suna nan daram. Gidan da ya fi dacewa a jera da nasu shi ne na Dundas na Arniston. Zamaninsu ɗaya, kotunsu ɗaya, kuma sun san juna ciki da bai.

Sai an fara gane yadda gadon ƙasa yake a wurinsu. Mu mun saba idan mutum ya rasu a raba abin da ya bari, kowane magaji ya ɗauki rabonsa, mace da namiji. Su kuwa a wancan zamanin babban ɗa namiji ne yake ɗauke ƙasar ɗungurungum, ƙannensa su tafi neman na kansu a aikin lauya, ko soja, ko fatauci a Indiya. Tun 1685 doka ta ba mai ƙasa damar ɗaure gadonsa a rubuce, ya jera waɗanda za su gaje shi bi da bi har illa masha Allahu, ba mai ikon sayarwa. Babbar kotunsu ta Edinburgh, wadda aka kafa a 1532, alƙalai 15 gare ta a lokacin, kuma wanda aka naɗa yakan ɗauki laƙabi daga sunan ƙasarsa. Shi ya sa za ka ji Lord Auchinleck, ka ji Lord Arniston. Aikin shari'a yana kawo kuɗin gyara ƙasa, ƙasar kuma tana ba da mutuncin da ake naɗa mutum alƙali da shi.

Wajen tsufa, gidan Boswell ne gaba. Sarki James na Huɗu ya ba Thomas Boswell ƙasar Auchinleck, a yankin Ayrshire, a 1504, kuma tare da sarkin nan ya mutu a yaƙin Flodden a 1513. Arniston kuwa saye aka yi. George Dundas ya sayi ƙasar a Midlothian, kudu da Edinburgh, a 1571, don ɗansa ƙarami da ba zai gaji babban gida ba. Ka ga ɗaya kyautar sarki ce da aka biya da jini, ɗaya kuma tanadin uba ne ga ƙaramin ɗa. Ina ganin wannan ya yi tasiri a halin gidajen biyu, domin James Boswell ya rayu yana tinƙaho da tsohon asali, su kuwa 'yan Arniston tun farko sun san sai sun tashi tsaye.

A aikin shari'a kam ba a haɗa su. Sir James Dundas ya hau kujerar alƙali a 1662, bai daɗe ba ya rasa ta saboda ya ƙi warware alkawarin addini da ya ɗauka tare da masu adawa da tsoma bakin sarki a harkar coci. Ɗansa Robert ya hau a 1689, ya daɗe a kai. Jikan Sir James, shi ma Robert, ya zama babban lauyan gwamnati a 1720, ya zama shugaban kotun a 1748 har ya rasu a 1753. Shi ne ya kira magini William Adam a 1726 ya fara gina gidan Arniston da ake gani yau, kuɗi suka yanke masa aikin ya tsaya, sai ɗansa ya ƙarasa. Wannan ɗan, Robert na uku, ya shugabanci kotun daga 1760 zuwa 1787. Alƙalai huɗu ke nan a jere, uba ya ba ɗa. Sannan ga ƙaninsa da suke uba ɗaya, Henry Dundas, wanda ya shiga siyasa ya zama na hannun daman Firaminista William Pitt, har ake ce masa sarkin Sukotland marar kambi, domin da wuya a samu muƙami a ƙasar ba da yardarsa ba. Ko aure ma da lissafi suke yinsa: magajin Arniston na gaba, wanda ya zama babban lauyan gwamnati a 1789, 'yar Henry ya aura, tuwona maina.

Su Boswell alƙali ɗaya suka fitar a wannan layin, amma na kirki. Alexander Boswell ya yi karatun shari'a a Leiden ta ƙasar Holan, ya hau kujera a 1754, ya gina sabon gidan Auchinleck wajen 1760. Mutum ne mai tsare gida, mai son tsofaffin littattafai, shi ya ba ɗakin karatun lauyoyi na Edinburgh tsohon kundin waƙoƙin Ingilishi da har yau ake kira da sunan ƙasarsa. Abin da ya so shi ne ɗansa James ya bi sawunsa, ya zauna ya yi lauya, ya kula da manoman da ke haya a ƙasarsu. James ya yi karatun a Utrecht ta ƙasar Holan, ya zama lauya a 1766, ya yi aikin kusan shekara ashirin, amma zuciyarsa tana Landan wurin marubuta da 'yan wasan kwaikwayo da mashaya. Tsamin da ke tsakaninsa da uban ya kai ranar da James ya auri Margaret Montgomerie a Nuwamba 1769, ranar ce uban ya ɗaura nasa aure na biyu a wani garin daban. Bayan rasuwar uban a 1782, James ya kwashe iyali ya koma Landan a 1786 don ya yi lauya a kotunan Ingila, bai samu masu kawo masa ƙara ba. Ya yi ta bin Henry Dundas, wanda shi James ya girme shi da kusan shekara biyu, yana roƙon muƙami ko kujerar majalisa, har ya mutu a 1795 bai samu ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi a labarinsu shi ne rigimar ɗaure gado. Uban ya so a rubuta yadda idan maza na kusa suka ƙare mata za su iya gada. James ya kafe kai da fata sai maza, ko da ɗan'uwa ne na nesa da ba a taɓa gani ba, alhali shi kansa yana da 'ya'ya mata da yake ƙauna. Har Johnson sai da ya rubuto masa wasiƙu yana ba shi baki. Aka sa hannu a 1776 bisa fifita maza. To, babban ɗan James, Sir Alexander, mawaƙi ne mai injin buga littattafai a cikin gida, ya rubuta zambo a jarida kan wani ɗan siyasa, James Stuart na Dunearn, suka yi fito-na-fito da bindiga a Maris 1822, aka harbe shi ya mutu. Ƙaninsa ya riga shi da makonni kaɗan. Saura jika ɗaya namiji, Sir James, shi kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba sai mata. Shi da kansa ya shiga kotu wajen 1850 don ya kwance abin da kakansa ya ƙulla, aka duba takardar aka ga an kankare wani wuri an rubuta kalma a kai ba tare da shaida ba, alƙalai suka ce ɗaurin bai inganta ba. Ya rasu a 1857, layin maza na James Boswell ya yanke a nan. Daga baya wani reshe na dangin ya sayi ƙasar, gidan kuwa ya zama kango kafin wata ƙungiyar raya tsofaffin gine-gine ta karɓe shi a 1999 ta gyara. Arniston kuma har yau jinin Dundas ne a ciki, kuma a ƙarni na 20 ta hannun mace gadon ya wuce.

Amsar tambayarka ke nan idan riƙon ƙasa ake magana: Dundas sun fi, nesa ba kusa ba, domin kowane ɗa ya karɓi sana'ar gidan ya yi ta da gaske. Amma ba zan bar ka da tunanin cewa sun fi a komai ba.

Dubi shari'ar Joseph Knight. Yaro ne da aka kamo daga gaɓar Afirka ta Yamma, John Wedderburn ya saye shi a Jamaika ya kawo shi Sukotland. Da ya nemi 'yancinsa, magana ta kai babbar kotun a 1778. Henry Dundas yana cikin lauyoyin da suka tsaya masa, Lord Auchinleck yana cikin alƙalan da suka ce dokar Sukotland ba ta san bauta ba, amma shugaban kotun Robert Dundas yana cikin huɗun da suka ƙi. Knight ya yi nasara. Sai ga shi a 1792, da majalisar Birtaniya take muhawarar hana cinikin bayi, Henry ɗin nan ne ya kawo gyaran da ya ce a bi a hankali, kuma ba a hana cinikin ba sai 1807. Masana na ta jayayya kan nufinsa, amma jiragen ba su daina ɗibar mutane ba a shekarun nan. James Boswell ma bai tsira ba: ya taimaka wa ɓangaren Knight, sannan a 1791 ya wallafa waƙa yana kare bauta. A cikin su duka tsohon alƙalin Auchinleck ne na ga ya fita da hannu mai tsabta a wannan magana. Henry kuma majalisa ta gurfanar da shi a 1806 kan kuɗin sojan ruwa, aka wanke shi, amma bai ƙara riƙe babban muƙami ba.

Akwai kuma abin da Boswell ya bari wanda Arniston ba su da irinsa. Littafinsa kan Johnson ya fito a 1791, har gobe ana karanta shi. Littattafan da yake rubuta abin da ya yi kullum, har da abin kunyarsa, an ɗauka sun salwanta. Ashe ɗaya daga cikin 'ya'yan Sir James mata, wadda ta auri magajin gidan Talbot, ta dalilin aurenta suka koma fadar Malahide ta gidan Talbot ɗin kusa da Dublin. A can aka yi ta tono su tun daga shekarun 1920, wasu a cikin akwatin kayan wasa. Wani Ba'amurke, Ralph Isham, ya saye su, Jami'ar Yale ta karɓa a 1949, kashi na farko ya fito a 1950 ya yi kasuwa sosai. Yawancin abin da na gaya maka kan rigimarsa da ubansa da bin ƙafar Henry Dundas daga waɗannan takardu aka san shi dalla-dalla.