Sharhi: injin jan ruwa mai ƙarfin doki ɗaya, bayan wata takwas yana aiki

Injin da ake magana a kansa irin na saman ƙasa ne, wanda ake girkewa kusa da rijiya ko tanki. A jikin farantinsa an rubuta kilowat 0.75, bolt 220, hatz 50, juyi 2,850 a minti. Hukuncina a taƙaice: yana aiki tsakani da Allah, amma fa sai an ba shi wutar da ta dace, kuma takardar da ke cikin kwalinsa ba ta faɗi wannan yadda ya kamata ba.

Cikinsa babu wani abin mamaki. Akwai naɗin waya a jikin gangar, wuta na shiga ta haifar da maganaɗisu mai zagayawa, shi kuma ya ja sandar tsakiya ta juya farfelar da ke tura ruwa. Babu gawayin da ke gogar sanda don kai mata wuta, wanda zai cinye kamar na injin huda bango ko na markaɗen kicin, shi ya sa irinsa ake sa wa fanka da firji da injin wanki. Da yake wutar layi ɗaya irin ta gida yake ci, ba ya iya tashi da kansa sai da kafasita, 'yar na'urar tara caji da ke ba shi turin farko, wadda ke zaune a ƙaramin akwatin da ke samansa.

Inda ake yawan shan wahala shi ne wajen tashi. Idan yana gudu, abin da yake ja bai wuce amfiya 5 ba. Amma a daƙiƙar farko yakan ja ninki uku zuwa shida na hakan. Wanda ya duba faranti ya ga wat 750 ya haɗa shi da inbata mai kVA 1, zai ji ƙara ɗif, inbata ta ɗauke. Ba laifin injin ba ne. A nemi inbata ko janareta mai kVA 2.5 zuwa 3, kuma inbatar ta zama mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta layi, don masu arha suna sa shi gurnani da zafi. Batir da faifan sola kuwa ba a jona su kai tsaye, wutarsu miƙaƙƙiya ce (DC), shi kuma mai kai da komo irin ta layi (AC) yake so.

Raunin wuta ya fi ɗaukewarta illa. Idan ta sauka ƙasa da bolt 190 ko makamancin haka, injin zai ƙara jan amfiya don ya cike giɓi, naɗin ya ɗau zafi har fentin jikin wayar ya fara wari. Siririyar waya mai tsawo ma haka take yi masa. Waya mai kauri sukwaya milimita 2.5 ta wadatar a gajeren zango, in da nisa a ƙara. Yana da makashin zafi a ciki, kuma yana aiki: ya kashe kansa, ya huce, ya dawo. Sai dai wanda ya bar shi yana ta wannan kashe da kunna, naɗin yake gasawa a hankali.

Kafasitar da ya zo da ita ce ban yaba ba, ta yi rauni da wuri. Alamarta ita ce injin ya yi ta ƙugi bai juya ba. A cire wuta, a sa sukundireba a juya fankar baya. In ta juya salin alin, kafasita ce. In ta cije, boris ne, wato ƙwallayen da sanda ke juyawa a kansu, ko yashi ya shiga farfela. A sauke cajin tsohuwar kafin a taɓa ta, a sa sabuwa mai lambar maikrofarad iri ɗaya, bolt 450.

Ɓangaren ruwa ba shi da matsala, muddin an cika gidan farfela da ruwa kafin kunnawar farko, an kuma sa bawul mai hana ruwa komawa a ƙasan bututu. Ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, kuma wannan iyakar ta nauyin iska ce, babu injin sama irin wannan da zai tsallake ta. Minti kaɗan yana gudu babu ruwa sun isa su ƙone robar da ke tare ruwa a jikin sanda, daga nan sai ɗiga, sai ruwa ya kai ga boris. Rijiyar da ta fi haka zurfi, injin da ake nutsawa cikin ruwa za a saya, ba wannan ba.