GDB a Kan Kwamfutar da Mutane da Yawa Ke Tarayya a Kanta

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja da harshen C ya san takaicin ganin allo ya buga Segmentation fault sannan ya yi gum, ba tare da ya ambaci layin da ya jawo faɗuwar ba. Irin wannan rana ce ake neman GDB, manhajar farautar kuskure da Richard Stallman ya rubuta a shekarar 1986 a ƙarƙashin shirin GNU, yana mai koyi da dbx, wata manhajar farautar kuskure wadda ta zo da nau'in Unix na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Kyauta ake samun ta, kuma da wuya a tarar da wani nau'in Linux da ba ya ɗauke da ita a rumbunsa.

Amfaninta na farko shi ne tana yi maka magana da harshen da ka yi rubutu, ba da lambobin inji ba. Sharaɗin kawai shi ne ka haɗa manhajarka da GCC, wato manhajar da ke fassara rubutunka zuwa harshen inji, tare da alamar -g, domin a cusa mata bayanan tsarin DWARF da ke danganta kowane umarnin inji da layinsa a asalin rubutu. Daga nan break zai tsayar da gudu a inda ka nuna, next da step su bi da kai layi bayan layi, print ya nuna abin da ke cikin kowane ma'aji (wato gurbin da manhaja ke ajiye wata ƙima), shi kuwa bt ya jero maka sassan da suka kira juna har aka iso inda aka faɗi.

Umarnin da ya fi burge ni shi ne watch. Na taɓa kwashe kwana biyu ina fama da wata manhajar lissafin maki wadda jimillarta ke sauyawa haka siddan, alhali na karanta duk layin da ya ambaci ma'ajin jimillar ban ga laifi ba. Da na sa wa ma'ajin watch, nan take GDB ta tsaya, ta nuna tsohuwar ƙima da sabuwa, ta kuma nuna mini wani layi can nesa inda ake kwafar sunan ɗalibi cikin gurbi mai harafi 20. Ashe wani suna ne mai tsawo ya cika gurbin ya malala cikin maƙwabcinsa. Na'urorin x86, wato masu masarrafa irin ta Intel da AMD, na da rajista (ƙananan gurabe a cikin masarrafar) huɗu kacal don irin wannan gadi, saboda haka sai a yi tsimi, domin idan GDB ta koma gadin da kanta, tana duba ma'ajin bayan kowane taku, gudun manhaja kan koma tafiyar hawainiya.

A kwamfutar da mutane da yawa ke shiga ta SSH, wato amintacciyar hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ake ganin ƙarfin GDB da kuma hatsarinta. Ba ta buƙatar komai sai baƙin allo, don haka ko intanet na jan ƙafa aiki ba ya tsayawa. Tana kama manhajar da ke gudana ta hanyar ptrace, wata kafa da Linux ya tanada don wata manhaja ta sa ido kan wata, kuma Linux ba ya barin ka kama ta wani sai kana da ikon root, wato ikon mai kula da kwamfutar gaba ɗaya, wanda hakan daidai ne, tunda mai leƙa ƙwaƙwalwar manhaja yana iya ganin kalmomin sirrin da ke ciki. Ubuntu, wani nau'in Linux, ma ta ƙara tsaurarawa tun fitowar 10.10, inda ko taka ce ba za ka kama ta da gdb -p ba sai an sassauta ptrace_scope, saitin da ke taƙaita ptrace, ko kuma kana da ikon root. Abin da sabon shiga kan manta shi ne, da zarar ka kama manhaja ta daskare, don haka idan ita ce ke yi wa mutum talatin hidima, duk sun tsaya cak har sai ka buga continue ko detach. Haka nan gdbserver, wanda ke bai wa GDB damar bincikar manhaja daga wata kwamfuta, ba ya tambayar kowa shaida, wanda duk ya isa ƙofar da ka buɗe zai iya gudanar da abin da ya ga dama da sunanka, shi ya sa ban taɓa buɗe shi ba sai ta cikin SSH.

Aibinta a fili yake. Fuskarta ba ta maraba da baƙo, kuma yanayin TUI da ke nuna rubutu a saman allo yakan hargitse da zarar manhaja ta buga wani abu. Idan an haɗa manhaja da -O2, alamar da ke sa GCC ya gyara ta don ta ƙara sauri, sau da yawa print ba ya ba ka komai sai optimized out, sai ka koma -Og ko -O0 masu rage wannan gyaran ko cire shi, inda wani lokaci kuskuren ma ya ƙi bayyana. Tun fitowa ta 7.0 a 2009 aka ba ta damar karɓar umarni da Python da kuma komawa baya a gudu, sai dai komawa bayan na da nauyi ƙwarai.

Mai aiki a kan Mac gara ya riƙi LLDB, takwarar GDB wadda ita Apple ke bayarwa a Xcode, manhajarta ta rubuta manhajoji. Amma ɗalibi ko ma'aikacin da ke rubuta C, C++ ko Fortran a kan Linux na tarayya, shawarata ya ware yini guda ya koyi umarni goma na GDB, ya kuma riƙa goge fayilolin core, waɗanda ake samarwa idan manhaja ta faɗi, bayan bincike, domin hoton ƙwaƙwalwar manhajarsa ne ke kwance a cikinsu.