Horon Shugabannin Ma'aikata da Na Halarta a Kano: Ya Ci Kuɗinsa, Amma Akwai Gyara

Wata cibiya mai zaman kanta ce take shirya horon lokaci-lokaci a ɗakin taron wani otal da ke Nasarawa a Kano, domin masu kamfanoni da manajoji da duk wanda yake da yara a ƙarƙashinsa. Abin da suke koyarwa shi ne yadda shugaba zai riƙe zuciyarsa, ya gane halin da ma'aikacinsa yake ciki, ya tafiyar da mutane ba tare da tsawa da cin mutunci ba. Ni gidan burodi gare ni, kuma na tafi da manajana, domin shi ne yake kwana da yaran a bakin tanda. Kuɗin kujera ɗaya ya kusa na buhun fulawa biyu, don haka na zauna da kunnen basira, ina son in ga inda kuɗina ya shiga.

An fara da tarihi. Malamin ya ce wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, su ne suka tsara wannan fanni na gane motsin zuciya da sarrafa shi, wanda ake kira "emotional intelligence" da Turanci, a 1990, sannan Daniel Goleman ya yaɗa shi duniya da littafinsa na 1995. A 1998 Goleman ya kasa abin gida biyar ga mai shugabanci: sanin kai, riƙe kai, himma, tausayi, da iya hulɗa da jama'a. Bayanin ya yi ma'ana, sai dai duk rubutun da aka haska a bango da Turanci yake. A kusa da ni akwai wani dattijo mai shaguna a Kantin Kwari, yaransa sun fi nawa yawa nesa ba kusa ba, amma haka ya zauna yana jiran a fassara masa. Wanda ya zo Kano karɓar kuɗin 'yan kasuwa ya kamata ya shirya takardunsa da Hausa tun daga gida.

Inda horon ya biya ni shi ne wajen gwaji a aikace. Wata malama ce ta jagoranci wannan ɓangare, mace mai natsuwa wadda ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Ta ce kowa ya kawo matsala ta gaske daga wurin aikinsa. Manajana ya kawo ta burodin da ya ƙone. Sai ta sa shi ya zama yaron da ya ƙona, wani mai gidan ruwan leda ya zama maigida. Mutumin nan ya zage ya yi masa tas a gaban kowa: "Kai wane irin sakarai ne? Kuɗin ubanka ne?" Ɗakin ya ɗauki dariya, amma da malamar ta tambayi manajana abin da ya ji, sai ya yi jim, ya ce, "Hajiya, ko da wasa ne, ji na yi kamar in cire rigar aikin in tafi." Daga nan ta sa aka sake. Wannan karon maigida zai dakata har numfashinsa ya daidaita, ya ja yaron gefe inda abokan aikinsa ba sa ji, ya faɗi abin da ya faru ba tare da taɓa halin yaron ko iyayensa ba, kuma ya yi tambaya kafin ya yanke hukunci. "Tire huɗu sun ƙone, me ya faru?" Ta nanata cewa wannan ba sassauci ba ne. Idan sakaci ne, a hukunta, a ma yanke albashi idan haka aka yi yarjejeniya, amma a bar wa mutum mutuncinsa.

Ta kawo binciken Amy Edmondson ta jami'ar Harvard, wadda ta duba ma'aikatan asibiti ta tarar da abin mamaki: rukunin da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi kawo rahoton kurakurai. Ba wai sun fi yin kuskure ba ne, su dai ba sa tsoron faɗa. Kamfanin Google ma, da ya binciki rukunonin ma'aikatansa tun daga 2012, ya gano cewa wannan kwanciyar hankalin ce kan gaba wajen bambanta rukunin da ke cin nasara da sauran. Duk mai gidan burodi ya san gaskiyar wannan. Yaron da ya manta gishiri a kwaɓi, idan ya faɗa da wuri, ana iya gyarawa tun ƙullun yana cikin inji. Idan tsoro ya sa ya yi gum, sai burodin ya fito, an zuba a leda, masu shayi sun ɗauka, sannan waya ta fara ƙara da asuba. Asarar buhu guda ke nan, ga zubewar suna.

Bayan mun dawo na ga tasirin abin da idona. Akwai wani yaro mai yankan ƙullu da ya ɗauki makara, har manaja ya fara maganar sallamarsa. Sai ya kira shi bayan sito, ya ba shi kujera, ya tambaye shi lafiya. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, wallahi kuɗin adaidaita ne ya gagare ni, a ƙasa nake tahowa daga Rijiyar Zaki." Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama wani abu daban, amma ba wanda ya haɗa wannan da makarar yaron. Aka mayar da shi aikin dare, aka ba shi wurin kwanciya a ɗakin ma'aikata. Yana nan har yau, kuma yana cikin waɗanda hannunsu ya fi faɗawa.

To, sai inda ban gamsu ba, kuma ya dame ni sosai. Malamin farko ya dage cewa shugaba ya riƙa tara ma'aikata kowane mako, kowa ya faɗi abin da ke ransa a fili, har da abin da maigida ya yi masa da bai ji daɗi ba. Wannan ba zai yiwu a wurinmu ba. Yaro ɗan shekara ashirin ba zai dubi sa'an mahaifinsa a cikin taro ya ce "ka ɓata mini rai" ba, kunya da kara ba za su bar shi ba. "Ba komai, Alhaji" kawai za ka ji, alhali akwai komai. Mu ta bakin dattijon wurin aiki muke jin damuwar yara, ko ta barkwanci, ko a hanyar dawowa daga masallaci. Zuwanka sunan ɗan ma'aikacinka, ko zaman makokin mahaifiyarsa, yana buɗe bakin da taro goma ba zai buɗe ba. Ko kalma ɗaya ba a yi a kan wannan ba. Sai da dattijon nan na Kwari ya ɗaga hannu ya tunatar da su hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim, cewa mai ƙarfi ba shi ne gwanin kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda yake mallakar kansa lokacin fushi, ya kuma kawo labarin Anas ɗan Malik da ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma bai taɓa ce masa ko "uf" ba. Nan take fuskokin mutane suka sauya, hira ta kankama. Da da wannan aka fara, da an ja hankalin rabin ɗakin tun da safe.

Abu na biyu ya fi nauyi: ba a taɓo maganar albashi ba. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, kuma da yawan ƙananan masana'antu ba sa biyan ko kusa da haka. Ina jin tsoron wani ya fita daga horon nan ya ɗauka murmushi da "sannu da aiki" za su maye gurbin haƙƙin yaro a ƙarshen wata. Tausayin da bai kai aljihu ba, ma'aikaci yana gane shi da wuri, kuma ya fi tsawa ciwo. Na faɗa wa masu shiryawa haka a takardar jin ra'ayi.

Akwai kuma wata takardar tambayoyi da aka raba, wai mutum ya auna kansa. Kowa ya ba kansa maki mai tsoka, har mai gidan ruwan ledan. Da ma'aikatanmu aka ba su cika a ɓoye, da an ji gaskiya. Abinci ya yi kyau, an ba da lokacin salla yadda ya kamata, amma zauren WhatsApp da aka buɗe don bibiya ya mutu cikin ɗan lokaci.

Wanda zai je, ya tafi da manajansa ko babban yaronsa, domin su ne suke gogayya da ma'aikata dare da rana. Kafin ya biya, ya tambaya ko za a yi da Hausa, kuma ko malamar nan ce za ta jagoranci gwajin. Idan mutum ɗaya kaɗai aljihu zai ɗauka, a tura manajan.