ATAK-CIV: taswirar sojoji a wayar mai gadi, amma a duba kamfas tukuna

ATAK manhaja ce ta Android wadda sashen bincike na rundunar sojin saman Amurka ya fara ƙerawa a 2010, don kowane soja ya ga inda 'yan uwansa suke a kan taswira guda. Ta farar hula, ATAK-CIV, tana Play Store kyauta. Ga shugabannin masu gadi a unguwannin Legas irin su Agege, Mile 12 ko Idi-Araba da ke horar da yaransu, ta cancanci gwaji.

Kowace waya tana aika inda take. Alamomin da ke kan taswirar launi-launi ne: shuɗi namu ne, ja abokin gaba, rawaya wanda ba a tantance ba, kore ɗan ba-ruwanmu. Wayoyin da ke kan Wi-Fi ɗaya suna ganin juna ba tare da intanet ba. In an yi nisa kuwa sai an kafa TAK Server, wato kwamfutar da ke haɗa wayoyin, ko a haɗa da ƙananan rediyoyin Meshtastic. A sauke taswirar unguwa tun kafin a fita, don netwok ba shi da alƙawari. Menu ɗinta a cushe yake, kuma da Turanci, sabon shiga sai an zauna da shi.

Inda mutane ke zumuɗi shi ne AR, wato a ɗaga waya a ga alamar abokin aiki a kan hoton kyamara, ko da gini ya tare shi. ATAK kanta taswira ce, wancan sai da ƙarin manhaja ko tabarau. Kuma a nan gizo ke saƙar. GPS na waya a fili yakan kuskure da mita 3 zuwa 5, tsakanin dogayen benayen Marina ya fi haka, saboda siginar tana dukan bango kafin ta iso. Kamfas ya fi muni. Kwantenonin Apapa, janareta, wayar wuta ta sama, har maganaɗisun murfin waya, duk suna karkatar da shi. Kuskuren digiri 5 a nisan mita 200 yana gusar da alama da kusan mita 17, ka ga ƙofar maƙwabci ke nan. Shi ya sa ake juya waya a iska kamar ana rubuta 8 don daidaita kamfas kafin atisaye, sannan a auna ta da wani gini da aka sani.

Ko sojin Amurka da tabarau ɗinsu na AR mai suna IVAS, wanda aka gina kan HoloLens na Microsoft, sun sha ƙorafin ciwon kai da tashin zuciya a gwaji, daga baya aikin ya koma hannun kamfanin Anduril a 2025.

Don atisaye da sintiri, taswirar kaɗai ta wadatar. Mai sayen waya a kasuwar Computer Village ya tabbatar tana da kamfas da jairoskop (na'urar da ke gane juyawar waya), domin masu araha da yawa ba su da su. A haɗa da fawa-bank, a kuma cire wayar daga rana tsakanin zagaye: kyamara da GPS tare suna ɗumama ta har allo ya dushe.