Wasan Bidiyo na Motsa Jiki: Wanne Za Ka Saya, Kuma Zai Rage Teɓa Kuwa?

Teɓa ta daina zama alamar arziki kawai a Maradi, tunda hawan jini da ciwon suga suka shiga gidaje da yawa. Alhazai da hajiyoyi na neman hanyar rage jiki, kuma wasu sun fara tambayar ƴan kasuwar da ke kawo kaya daga Kano ko Dubai a samo musu na'urar wasan bidiyo da ake motsa jiki da ita. Kafin ka fitar da kuɗinka, ya kamata ka san abin da kowace na'ura take yi, da abin da ba za ta taɓa yi maka ba.

Mu fara da lissafi, domin shi zai nuna maka ko sayen ya dace da bukatarka. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 7,700. Mutum mai nauyin kilo 70 idan ya yi rabin awa yana tafiya da sauri, abin da zai ƙona bai wuce kalori 150 ba, kuma yawancin waɗannan wasanni a nan suke tsayawa, wasu ma ba su kai ba. Ke nan sai ka yi wasan fiye da sau 50 kafin kilo ɗaya ya tafi, in har cin abincinka bai ƙaru ba. To ga ɗaya ɓangaren: cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, gwangwanin lemo mai santilita 33 kuma yana da sukari kusan giram 35, wato kalori 140. Wanda ya yi gumi rabin awa gaban talabijin, ya sauko ya sha lemo mai sanyi, ya mayar da abin da ya fitar. Garinmu garin gyaɗa ne, mai ba ya mana wuya, shi ya sa hannu ke sakewa a kan shinkafa da wake da dambu. Ga shayi zagaye uku da sukarinsa bayan kowane abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sukarin da babba ke sha a yini kada ya wuce giram 25, kusan ƙaramin cokali shida.

Duk da haka ina goyon bayan sayen na'urar ga wanda yake da hali, saboda motsi na da aikinsa daban: yana sauko da hawan jini, yana taimaka wa jiki sarrafa suga, yana riƙe tsoka lokacin da aka rage ci, kuma yana hana kitsen da ya tafi saurin dawowa. Hukumar ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, wa zai fita gudu? Matan aure kuwa da ba kasafai suke fita filin wasa ba, su ne wannan abu ya fi amfana, domin a cikin ɗaki za su yi, babu idon kowa.

Mafi araha ita ce Wii ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a 2006, da allon takawarta na Wii Fit da ya biyo baya a 2007. An daina ƙera ta, don haka ta hannu kawai za ka samu. Allon yana auna nauyi har kilo 150, yana cin ƙananan batura huɗu, kuma darussansa masu sauƙi ne, sun dace da dattijo ko mai ciwon gwiwa. Aibinta shi ne ana iya yi mata wayo. Ka lura da yaro yana buga tanis a Wii Sports: kwana biyu zai gane cewa ba sai ya tashi ba, zai kishingiɗa a kujera yana kaɗa wuyan hannu kawai, kuma yana cin wasan. Idan za ka saya, abu uku za ka duba. Ka tabbata ta Turai ce, domin abin cajin ta Amurka na wuta 110 ne, tamu kuwa 220, kana jona shi zai ƙone. Faifan wani yanki ba ya aiki a na'urar wani yanki, saboda haka faifan da na'urar su zama na wuri ɗaya. Sannan a kunna faifan a gabanka a kanti, domin ƙurar hunturu na lalata idon da ke karanta shi.

Wanda na fi yarda da shi shi ne Ring Fit Adventure, da ya fito a 2019 don na'urar Switch. Zobe ne mai tauri da kake matsawa da hannu biyu, da maɗauri a cinyar hagu. Idan ba ka ɗaga ƙafa ba, ɗan wasanka ba zai yi gudu ba. Idan dodo ya tare hanya, da tsugunno da matsa zobe za ka kayar da shi. Bayan minti goma cinya za ta fara rawa, riga ta jiƙe. Ba ya bukatar intanet, abin cajin Switch yana karɓar kowace wuta, kuma tana da batir a jikinta, don haka ko an ɗauke wuta za ka jingine ta kan tebur ka ƙarasa. Sai dai tsada: Switch ta fito a kan dala 300, wasan kuma dala 80, ban da kuɗin hanya da ribar mai kawowa. Kada ka yarda a ba ka Switch Lite don ta fi sauƙi, ba a jona ta da talabijin, hannayenta kuma ba sa cirewa. Umarnin wasan da Faransanci ko Turanci ne, amma hoton da ke nuna motsin ya isa jagora.

Just Dance na kamfanin Ubisoft yana sa gumi sosai, amma waƙoƙinsa da shigar masu rawar ba kowane gida ne zai amince da su ba, sai maigida ya duba tukuna. Tun daga Just Dance 2023 kuma lambar sauke wasan daga intanet ake sayarwa a kwalin, wato sai da intanet mai ƙarfi. Kinect, kyamarar da ke bin motsin jiki ta na'urar wasan Xbox, an daina yin ta a 2017, tana kuma son fili mai faɗi. Tabaran nan na Meta Quest da ake ɗaurawa a fuska, a zafinmu wahala ce.

Ga iyaye masu son saya wa yaro mai ƙiba, akwai binciken da ya kamata su ji. A 2012 mujallar Pediatrics ta buga aikin Tom Baranowski da abokansa a Houston ta Amurka: an ba wasu yara Wii da wasannin motsi, wasu da na zaune, aka bi su makonni, aka tarar motsin rukunin farko bai fi na biyun ba. Ajiye na'ura a falo ba ya tayar da yaro. Sai an sa lokaci, uwa ko uba sun tashi sun yi tare da shi, in ba haka ba ƙwallon unguwa bayan la'asar ya fi masa.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, kada ya ci bashi don wannan. Takalmi mai laushi, igiyar tsalle da ma'aunin nauyi sun ishe shi: tafiyar rabin awa bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, a auna mai da cokali maimakon tuttulawa, a sha fura da nono ba sukari, a yawaita zogale da wake, tuwon dare ya koma malmala ɗaya. A hau ma'auni sau ɗaya a mako, da safe kafin kari, a rubuta. Mai shan maganin suga ko na hawan jini kuwa ya fara ganin likita kafin ya rage ci ko ya ɗauki zobe, domin sugan na iya faɗuwa ana tsakar wasa, kuma wataƙila sai an sake auna masa maganin.