Rigar ƙarfen fim da ta gaske

Samarin unguwar Nima ta Accra na ganin rigar ƙarfen jarumin fim Iron Man su ce Turawa sun kusa ƙera irinta. Da sauran rina a kaba. Ta fim tana tashi sama, tana ɓarin wuta, injin ƙirjinta ba ya gajiya. Ta gaske kuwa, wato injin da ake ɗaurawa a jiki don ya tallafa masa, batir ne ciwon kanta: 'yan awoyi sai caji. ReWalk, wadda Amurka ta amince da ita a 2014, tana miƙar da mai shanyewar ƙafafu ya taka, amma sannu-sannu, da sanduna biyu a hannu. Wata kuma, Guardian XO, an ƙera ta ne don ma'aikata su ɗaga kaya har kilo 90. A ganina irin wadda ke tallafa wa gadon baya ce ta dace da 'yan dakon kasuwar Makola, sai dai kuɗinta ba na talaka ba ne.