Yaya, burjin da muke zagi shi mutanen nan ke kashe kuɗi su hau

Salam Yaya, ya gida ya yara, ya ƙafar Hajiya da fatan da sauƙi. Ka ce in daina turo hoto ba bayani, wai Hajiya ta ga hotona da keke da hular kwano ta ce ko karatun ne ya ƙi na koma yawon gari. Toh ga bayanin nan, ka karanta mata, akwai wajen da za ka tsallake in ka zo za ka gane shi da kanka.

Garin da nake Eberswalde ne a Jamus, arewa maso gabas da Berlin, jirgin ƙasa RE3 bai fi minti 40 ba ya kawo ka, kuma yankin gaba ɗaya wato Brandenburg shimfiɗe yake kamar ka tashi daga Samaru ka nufi Hunƙuyi, yashi da bishiyoyi da gonaki, sai dai su Allah ya ba su tafkuna wajen 3000 a jiha ɗaya. Mu kuma dam ɗin jami'a da Galma muke ta lallaɓawa. Abin da ya fara ɗaure min kai shine akwai wani keke da suke ce ma girabul, ni dai keken burji nake ce masa, kansa lanƙwashe irin na masu tsere amma tayar da kauri da ƙurji ƙurji, an yi shi musamman don hanyar da ba kwalta. Wlh Yaya mutum yana da kwalta lafiyayye har ƙofar gidansa amma zai tara kuɗi ya sayi keke don ya je ya nemi tsakuwa da ƙura a daji. Na tuna yadda muke tsine ma hanyar ƙauyen su Inna duk damina, na ce ashe da mun sani haya za mu ringa ba Turawa.

Kuɗin kam ba a magana. Na shiga wani shago na ga na yuro 3000 na ɗauka sifiri ɗaya kuskure ne, mai shagon ya ce ai wannan matsakaici ne. A shagon kayan wasanni na Decathlon akwai masu sauƙi amma su ma sun fi ƙarfin ɗalibi, dole na koma Kleinanzeigen, nan ne kasuwar gwanjonsu ta intanet, na samu na hannu wajen wani dattijo yuro 350. Kar ka buga lissafi da canjin yau dan Allah, na san me za ka ce, za ka ce da an ƙara kaɗan an sayi mashin na hannu a Sabon Gari. Na yi ƙoƙarin ciniki irin namu, na ce masa 200, mutumin ya kalle ni kamar na zagi iyayensa, da ƙyar ya rage 20 kuma ya kawo takardar sayen keken tun ta asali da ɗan littafin da ya rubuta duk ranar da aka canza sarƙa da birki. Wannan kam ya burge ni, mu wa ke ajiye rasit ɗin keke.

Ranar Lahadin da ta wuce ne na yi doguwar tafiyar da ka ga hotunanta. Na bi gefen wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, Finowkanal, tun 1605 aka fara ta, kuma ita ce mafi tsufa a Jamus da har yau kwale kwale ke bi. Hanyar da keke ke bi a gefenta asalinta ta dawakai ce masu jan jiragen ruwa da igiya. Shiru Yaya, ba hon ba hayaƙin Keke Napep ba mai ce maka kauce, sai agwagi da tsofaffi masu kamun kifi, kuma duk mararraba akwai allo da lamba da kibiya da kilomita nawa ya rage, ko wayarka ta mutu ba za ka ɓata ba. Ni dai da manhajar Komoot na tsara hanyar, tana gaya maka ma kashi nawa kwalta ne kashi nawa tsakuwa kashi nawa yashi.

Daga nan na isa Niederfinow, nan ne ƙarfen nan da ka tambaya ko masana'anta ce. Lif ne na jiragen ruwa. Jirgi zai shigo cikin wani ƙaton kwami cike da ruwa, a rufe, a ɗaga shi da ruwan da komai mita 36 sama cikin kamar minti 5 ya ci gaba da tafiya a wata hanyar ruwan da ke kan tudu. Tun 1934 yake aiki, sun gina sabo a gefensa an buɗe a 2022 amma tsohon bai mutu ba, ina tsaye ya ɗaga jirgin 'yan yawon buɗe ido a gabana. Na daɗe a wajen ina kallon igiyoyin ƙarfen nan duk sun sha giris, abin da ya riƙa zuwa min a rai shine tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari da yadda Baba ke ba mu labarin zamanin da take cike, shi ma wannan ai sa'an waɗancan ƙarafan ne, kawai dai wani na zuwa kullum da gwangwanin mai.

Gaba kaɗan ƙasar ta ɗan fara tudu da gangare, ba wani abu ba ne, in ka taɓa hawa Kufena da silifas wannan wasan yara ne. Amma hanyar ce ta canza, wani waje duwatsu ne aka jera tun zamanin kakanninsu haƙoranka har haɗuwa suke, wani waje falankin kankare ne bibbiyu na lokacin Jamus ta Gabas da taraktocin gonakin gwamnati ke bi, wani wajen kuma yashi ne zalla sai ka sauka ka tura. A kan falankin nan ne tayar baya ta yi faci, tsakiyar gonar masara, ranar Lahadi.

Toh nan ne na san darajar mai facin bakin kasuwar Samaru. Ka san shi dai, ƙarƙashin dalbejiya da bahon ruwansa da ya koma baƙi da famfonsa mai ɗaure da roba, kana tsaye kana cin gyaɗa ya nutsa tiyub ɗin ya ga kumfa ya goge ya manna ya buga iska, in babu canji ya ce ka kawo gobe. Nan babu wannan sam. Lahadi shaguna a rufe suke, doka ce, sai gidan mai da shagunan manyan tashoshi. Ko ranar aiki ne ma ba ka zuwa haka kawai, wata biyu da suka wuce na kai keken wani shago giya na tsalle, suka ce sai an ba ni rana, Termin suke cewa, sati biyu, da na koma aikin da bai kai minti 20 ba suka caje ni yuro 45 kuma suka miƙo min rasit da murmushi. Shi ya sa kowa a nan bakaniken kansa ne, ko mace tsohuwa za ka ga tana da jakar sufana ƙarƙashin sirdi.

Ni kuma na fito da famfo amma na manta tiyub a ɗaki. Na zauna bakin hanya ina ta salati, sauro kuma sun samu nama, eh akwai sauro a Turai Yaya, manya ma, sai dai ba sa ba da maleriya. Can sai ga wasu mata da miji sun kai shekara 70 kowa da kekensa mai batir, mijin ya tsaya bai ko yi sallama ba ya duƙa ya matsa tayar, ya buɗe jaka ya fito da ɗan akwatin faci, ya miƙo min ya tsaya yana kallo wai in yi da kaina. Allah ya taimake ni zaman da na yi wajen mai facin nan ina yaro bai tashi a banza ba, ba ruwa sai na tofa yawu na gano hudar, tsohon ya yi dariya ya ɗaga min babban yatsa. Na ciro yuro 5 ya ɓata rai, sai na ba matar dabino guda uku, shi ta karɓa. Tsohon ne ma ya gaya min a jikin bangon wasu shagunan keke akwai injin sayar da tiyub kamar na lemo, ka jefa kuɗi ya faɗo ko tsakar dare ne.

Na wuce Brodowin, ƙauyen da ya shahara da madarar shanu, madarar ba laifi amma wlh ba ta kama ƙafar kindirmon matan Fulani da ke zama wajen Tudun Wada ba, ba tsami ba ƙamshin ƙwarya. Abin da ya tsaya min a ƙauyukan nan shine tebur a ƙofar gida, an jera ƙwai da zuma da kabewa, an rubuta kuɗi, ga ɗan gwangwani, babu kowa. Na ɗauki zuma na saka kuɗin ina ta waige waige ko akwai kyamara, ban gani ba.

Azahar a bakin tafkin Parstein na yi ta, ruwan garau kana ganin yashin ƙasa, na yi alwala da shi. Nan ne wajen da za ka tsallake ma Hajiya. Mutanen gabashin Jamus suna da al'adar wanka a tafki ba ko ɗan kamfai, tsofaffi ne ma suka fi yi, ba kunya ba komai har gaishe ka za su yi. Na tattara sallayata na ƙara gaba cikin bishiyoyi ido a ƙasa kamar sabon ango a gidan surukai.

Ƙarshen tafiyar Chorin ne, tsohon gidan ibadar malaman Kirista da suka fara ginawa a 1273 da jan bulo gasasshe, an rufe shi a 1542 bayan yankin ya bar ɗariƙar Katolika, ya zama kango har mutane na kwasar bulon suna gini, sai a ƙarni na 19 aka tsaya aka ceto abin da ya rage. Yanzu sai ka sayi tikiti ka shiga, ga wajen ajiye keke ga banɗaki ga allo da tarihin kowane ɗaki. Ina zagayawa ganuwar Zazzau nake gani a idona, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan zuwa Kuyambana, yadda muke hawa muna yara muna zamiya, da yadda mu da kanmu muke ɗibar ƙasarta muna yin tubali. Ga masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, wanda masana gini har daga Turai suke zuwa kallon bakan gizonsa, amma yaro nawa a Zariya zai iya gaya maka sunan wanda ya gina. Da akwai allo ɗaya da kibiya daga Kufena zuwa cikin birni zuwa Turunku wlh da mutanen nan masu keken yuro 3000 sun zo, burji kam muna da shi har ya yi yawa. Sai dai na san me za ka ce, wa zai shiga dajin Giwa da keke yanzu, kuma gaskiyarka ne, ni ma ranar nan awa bakwai ina daji ni kaɗai abin da na ji tsoro kawai kaska ne da kare.

Dawowa jirgi na hau daga tashar Chorin. Akwai tikitin wata da ke kai ka ko'ina a ƙasar a ƙananan jirage da bas, ya fara da yuro 49 a 2023 suka mai da shi 58 a 2025, amma keke sai ka yanka masa nasa daban, kuma jirgin ya yi latti minti 25 saboda haka wanda ya ce maka komai na Bature kan lokaci yake ka ce ƙaninka ya ce ƙarya ne. Na iso ɗaki rana ba ta faɗi ba don magariba yanzu sai wajen tara da rabi.

Kilishin da ka ce za ka ba yaron nan ya taho min da shi ka bari, ba a shigo da nama nan daga waje, ƙwacewa za su yi a filin jirgi, yaji da kuka da daddawa dai ka ba shi. Sannan tsohon Raleigh ɗin Baba da ke jingine a zaure, dan Allah kar yara su ba 'yan gwangwan, irinsa na gani a wani shago a Berlin an goge an rataye kuɗinsa ya fi nawa. Ka kai shi wajen mai facin ya sa masa taya da sarƙa ya duba birki zan turo kuɗin, in Allah ya kawo ni hutun Disamba da shi zan bi ta Bomo in ɓulla Shika da sassafe, kai kuma ka biyo ni a mashin da tiyub.